Ganyen Kurna a Rijiyar Mai: A Gwada Shi a Fili Kafin a Fara Yi Mana Talla

Wani saƙo ya yi ta yawo kwanakin baya a wani zauren WhatsApp da nake ciki, wai masana sun gano ganyen kurna yana tatso man fetur daga ƙarƙashin ƙasa. Kafin a kira sallar la'asar zauren ya dare gida biyu. Ɓangare ɗaya suka hau dariya, suna cewa bokaye sun shiga jami'a. Ɗaya ɓangaren kuma har sun fara rabon arzikin da Arewa za ta samu, wani ma yana cigiyar fili zai dasa kurna. Babu wanda ya tsaya ya tambayi yadda abin yake aiki, balle tan nawa na ganye zai ci.

Ni dai ga inda na tsaya. Binciken gaskiya ne, kuma ya cancanci Najeriya ta sa masa kuɗi. Amma da sharuɗɗa biyu. A fitar da shi daga ɗakin gwaji a kai shi rijiya ta gaske, sannan kada a fake da sunansa a taɓa abincin mutane ko itatuwan da ke tare mana hamada. In ba za a cika waɗannan ba, gara a bar wa awaki kurnarsu.

Me ya haɗa sabulu da man fetur?

Yawancinmu muna ɗauka akwai wani tafkin mai ne kwance a ƙarƙashin ƙasa, sai dai a zura bututu a zuƙe. Ba haka abin yake ba. Man yana cikin dutse ne, a 'yan mitsi-mitsin ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi ko na farar ƙasa. Idan aka haƙa rijiya, matsin da ke can ƙasa ne ke turo shi da farko. Idan matsin ya yi sanyi, sai a riƙa ɗura ruwa ko iskar gas ta wasu rijiyoyin su koro shi. Bayan duk wannan, abin da ake iya fitarwa a matsakaicin lissafi na duniya wajen kashi ɗaya ne cikin uku. Kashi biyun suna nan a ƙasa. An san da su, an kashe kuɗin nemansu, amma sun ƙi fitowa.

Duk wadda ta taɓa wanke kwanon miyar manja da ruwan sanyi zalla ta san irin wannan taurin kai. Ruwan zai bi ta kan man ya wuce, man na nan manne da kwano, sai an kawo sabulu. Sinadarin da ke cikin sabulu baki biyu gare shi, ɗaya na kama ruwa, ɗaya na kama mai, shi ya sa yake shiga tsakaninsu ya sa man ya saki. Masana na kiran irinsa safaktan, kuma shi injiniyoyin mai ke narkawa a ruwa su tura cikin dutse.

Wanda ake aiki da shi yanzu, akasarinsa daga man fetur ɗin ake haɗa shi. Yana da tsada, da dala muke sayensa, wani kuma ba ya saurin ruɓewa idan ya zuba a ƙasa ko a ruwa. Wannan ne ya sa masu bincike suka waiwayi tsirrai. Itatuwa da yawa na ɗauke da safonin, sinadarin da ke sa ganye ko sassaƙe ya yi kumfa idan aka kirɓa aka dama da ruwa. Kakanninmu sun daɗe da sanin haka. Ganyen magarya da na kurna an san su a wanka, har wankan gawa, sassaƙen aduwa da saiwarta kuma an yi wanki da su.

Abin da aka riga aka gwada

Tun wajen 2012 masu bincike a Iran suke wallafa sakamakon gwaje-gwajen da suka yi da ganyen kurna. Itaciyar na da yawa a kudancin ƙasar, yankin da rijiyoyin mansu suke, kuma mutanen can da garin ganyenta suke wanke gashi. A Indiya, a makarantar nazarin ma'adinai da ke Dhanbad, an gwada 'ya'yan wani itacen sabulu nasu, an kuma haɗa sinadari daga man bini-da-zugu da man zurma. A Bogor ta Indonesiya daga man kwakwar manja suka haɗa nasu. Mu ma a nan, masana a Fatakwal da wasu jami'o'in kudu sun gwada tokar abin da ke saura bayan an cire 'ya'yan kwakwar manja, sun kuma gwada kuɓewa da ogbono da ƙaro domin su ƙara wa ruwan kauri ya fi iya share mai.

Yana da kyau mai karatu ya ga yadda ake gwajin, domin a nan ne ƙarfinsa da rauninsa suke.

Ana yanko ɗan guntun dutse mulmulalle, kaurinsa wajen santimita 4, tsawonsa bai kai tafin hannu ba. A wanke shi, a busar, a cika shi da ruwan gishiri, sannan a tura masa ɗanyen mai har ya kore ruwan. Sai a sa shi cikin wani bututun ƙarfe mai rigar roba a ciki, a matse shi, a ɗumama shi yadda zai ji kamar yana can ƙasa. Famfo ya fara tura ruwa a hankali, man na ɗiga cikin 'yar kwalba mai zanen awo. Can sai man ya yanke, ruwa zalla ke fita. A nan ake juya famfon zuwa ruwan ganye. Ɗalibin ya zauna yana jira, wani lokaci sa'o'i, har baƙin ɗigo ya sake bayyana a bakin bututun. Wannan ƙarin, 'yan mililita kaɗan, shi ake mayarwa kashi kaza cikin ɗari a rubuta a mujalla.

Saboda haka masu dariya ba su da gaskiya, man yana fitowa. Sai dai abin da ya faru a dutse mai tsawon yatsa ba shi ne zai faru ba a dutsen da ya shimfiɗu kilomitoci, mai tsage-tsage, mai laka a wani wuri da yashi a wani wuri, inda ruwan da ka tura yau sai bayan watanni ko shekaru zai isa rijiya ta gaba. Takardu sun yi yawa, amma kusan dukkansu a kan wannan ɗan guntun dutsen suka tsaya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan: ɗalibi ya gama digiri, malami ya samu ƙarin girma, a rufe fayil, wani ɗalibin ya zo ya sake gwajin da wani ganyen daban.

"Ai na masana'anta ya fi ƙarfi"

Haka ne, kuma bambancin ba kaɗan ba ne. Akwai wani ƙarfi da ke hana mai da ruwa cuɗanya, wanda a ma'aunin masana yakan kama 20 zuwa 30. Domin a kuɓutar da man da ya maƙale a ƙofofin dutse sosai, so ake a saukar da shi har wajen 0.001. Sinadarin masana'anta da aka haɗa da kyau yana kaiwa can. Tsantsar ruwan ganye kuwa yawanci a lambobi irin su 5 ko 10 yake tsayawa. Duk wanda ya ce maka kurna ta maye gurbin sinadarin masana'anta, ko dai bai karanta ba ko kuma talla yake yi.

Amma ba nan kaɗai zancen ya tsaya ba. Safonin na da wani aiki na biyu: yana sauya halin fuskar dutsen, daga mai son riƙe mai ya koma mai son ruwa, sai man ya saki da kansa. Wannan na da amfani ƙwarai a duwatsun farar ƙasa irin na Iran. Ga shi kuma ba ya ɗauke da cajin lantarki, don haka zartsi bai cika lalata shi ba yadda yake lalata wasu sinadaran. Akwai ma wata dabarar da ta fi burge ni. Dutse na shanye sinadari, ya manne a jikinsa ya ɓace a hanya, kuma wannan asara ce babba a wannan sana'a. Idan aka fara tura mai arha na tsiro ya lulluɓe dutsen, mai tsadar da zai biyo baya zai fi yin nisa. An daɗe ana gwada haka da ragowar sinadarin itace da ke fita daga masana'antun takarda.

Sannan a bambance abu biyu da ake yawan haɗawa. Ruwan ganye da aka tace daban, sinadarin da aka sarrafa a masana'anta daga man tsiro daban. Na biyun ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma a ganina shi ne ke da makoma. Sai dai shi masana'anta yake bukata, da lantarki, da masu ilimin haɗa sinadarai. Ba aikin turmi da taɓarya ba ne.

Lissafin da masu talla ba sa son yi

Bari mu ƙaddara wani matsakaicin filin mai wanda ƙofofin dutsensa za su ɗauki ganga miliyan 100. Misali ne kawai na kawo. A ce za a tura ruwan sinadari da ya kai kashi 30 cikin 100 na wannan, wato ganga miliyan 30. Ganga ɗaya lita 159 ce, ka ga ana maganar ruwa kusan tan miliyan 4.8. Idan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na ruwan ne sinadari, yadda aka saba da na masana'anta, ana bukatar tan 24,000. Idan kuwa kashi 5 ne, kamar yadda ake yawan gani a gwajin ruwan ganye, an doshi tan 240,000. Wannan fa tataccen sinadarin ne, ba ganyen ba. Ganyen da za a tsinko kafin a samu haka ya ninka shi sau da yawa. Fili ɗaya ke nan.

Daga ina za a samo? Duk wanda ya zauna a ƙauyukan Jigawa ko Yobe ko Damagaram da rani ya san matsayin kurna da aduwa. Lokacin da ciyawa ta ƙare, ƙasa ta yi fari fat, su ne ke nan da ɗanyen ganye. Makiyayi zai sa doguwar sanda mai ƙugiya ya karkaɗo reshe, awaki su yi caa a gindin, yara na tsintar 'ya'yan suna cika aljihu, wasu su kai tasha a tire. Ranar da aka ce wani kamfani na sayen buhun ganyen kurna da kuɗi mai tsoka, wallahi shekara biyu ta yi yawa, za a aske su tas. Mun ga abin da kasuwar gawayi ta yi wa dazuzzukanmu. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, jihohi 11 na Arewa na ciki, ana ta fama a dasa. Ba hankali ba ne a dasa da hannun dama a tsige da na hagu domin a ƙara ganga a Neja Delta.

Haka zancen manja. Indonesiya na iya zuba shi a rijiya domin ita da Malesiya ke samar da fiye da kashi 80 cikin 100 na manjan duniya, rara gare su. Mu da muka taɓa zama kan gaba a farkon shekarun 1960, yau wanda muke nomawa ba ya isar mu, sai an shigo da ƙari. Uwar gida na auna shi da murfin kwalba, a ce kuma za a ɗura shi a ƙasa? A'a.

Abin da ya rage shi ne abin da ba a ci: bini-da-zugu da ake shinge da shi, zurma, man ɗarbejiya, ragowar da ke fita daga matatun man gyaɗa da na auduga, da tarkacen kwakwar manja da ake ƙonawa. A nan ya kamata kuɗin bincike ya tafi.

"Na tsiro ne, ba ya cutarwa"

Wannan magana ta fi kowace ba ni tsoro, domin ita ce ke shiga kunne da sauƙi. A 1964 wani masanin Habasha, Aklilu Lemma, ya lura da matattun dodon koɗi a wani rafi a garin Adwa, daidai ƙasa da inda mata ke wanki da 'ya'yan wani tsiro mai kumfa da suke kira endod. Safonin ɗin tsiron ne ke kashe su. Abin ya zama alheri, domin irin waɗannan dodon koɗi ne ke yaɗa tsargiya. Amma sinadarin da ya kashe dodon koɗi yana kashe kifi ma, kuma aduwarmu an san ta da wannan. Ka ƙaddara tanki guda na tataccen safonin ya fashe a wani rafi a Bayelsa. Masuncin da ya wayi gari ya ga kifi sun taso ciki sama, me zai yi da labarin cewa daga ganye aka yi shi?

Gaskiya ne yana ruɓewa da wuri, kuma wannan fa'ida ce a doron ƙasa. A cikin rijiya kuwa tana iya zama matsala. Abin da ke saurin ruɓewa abinci ne ga ƙwayoyin halitta, cikinsu har da masu fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke cin ƙarfen bututu kuma take kisa. Zafin ƙasa shi ma yana iya karya shi kafin ya isa inda ake so.

Kuma kada kowa ya yi amfani da kalmar "tsiro" ya wanke masana'antar mai. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya samu benzin, wani sinadari mai guba da ke cikin mai, a ruwan shan garin Nisisioken Ogale ya ninka ƙa'idar hukumar lafiya ta duniya sau 900. Ba safaktan ne ya jawo wannan ba, malalar mai ce da sakaci. Ko da zuma aka koro shi, in ya malala ɓarna ɗaya zai yi.

"Ɓarayi na kwashe man, kuna zancen ganye"

Mai wannan magana ina jin sa. A watannin Agusta da Satumba na 2022 abin da Najeriya ke haƙowa ya faɗo ƙasa da ganga miliyan 1 a rana, saboda sata da fasa bututu da rufe rijiyoyi. Babu ganyen da zai gyara wannan. Toshe ɓarakar ya fi gaggawa, ba musu.

Sai dai akwai wani canji da ya faru wanda ya sa zancen ya zama na yanzu. Manyan kamfanonin waje suna ta sayar da tsofaffin filayensu na tudu da na bakin ruwa. Oando ta karɓi na Eni a 2024, Seplat ta karɓi na ExxonMobil a ƙarshen shekarar, Renaissance kuma ta karɓi na Shell a 2025. Tsofaffin rijiyoyin da aka daɗe ana tatsa tun bayan gano mai a Oloibiri a 1956 sun dawo hannun 'yan gida. Waɗannan ba su da wani sabon fili a Guyana ko Brazil da za su koma. Abin da ya maƙale a dutsen nan shi ne jarinsu. Kuma duwatsun Neja Delta na yashi ne, man mai sauƙi ne, ruwan cikinsu bai kai na yankin Gulf gishiri ba, abubuwan da ke sauƙaƙa aikin sinadari.

Tarihin wannan fasaha ma darasi ne. Amurka ta yi gwaje-gwaje da dama a fili a shekarun 1970 zuwa farkon 1980, farashin mai ya faɗi a 1986, aka watsar, domin kuɗin sinadarin ya fi ƙarfin ribar. Sin kuwa ta nace a filin Daqing, ta yi shekaru tana gwaji a ƙananan yankuna, ta gina masana'antun sinadarin a gida, har ya zama wani babban kaso na man filin ta wannan hanya yake fitowa. Abin da ya bambanta su shi ne sinadari mai arha da ake yi a gida, da haƙurin gwaji a fili.

Masu cewa duniya na barin man fetur, me ya sa za a ƙara tatsowa, suna da hujjarsu. Amma muddin da shi ƙasar nan ke samun mafi yawan dalarta, na fi son a ƙara matse filin da aka riga aka ɓata da a je a share sabon daji.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Asusun bunƙasa fasahar man fetur na PTDF da hukumar NCDMB mai kula da shigar 'yan ƙasa harkar mai suna da kuɗin bincike. Su zaɓi sinadari biyu ko uku da suka fi yin kyau a ɗakin gwaji, daga abin da ba a ci. Hukumar NUPRC mai sa ido kan haƙar mai ta samo kamfani ɗaya mai tsohuwar rijiya da ta kusa mutuwa. A ɗura sinadarin a rijiya guda, a rufe ta na wani lokaci, a buɗe a auna abin da ya fito. Hanya ce sananniya, kuɗinta bai kai na haƙa sabuwar rijiya ba. A wallafa sakamakon kowa ya gani, ko ya yi kyau ko bai yi ba, har da nawa kowace ƙarin ganga ta ci. Gani ya kori ji.

Ina Arewa a ciki?

Ba a Kolmani ba, aƙalla ba yanzu ba. Filin da ke tsakanin Bauchi da Gombe, wanda aka yi bikin ƙaddamarwa a Nuwamba 2022, bai ma shiga matakin farko na haƙar mai sosai ba, balle na uku, wato na tura sinadari. Agadem ta Nijar ita ma yarinya ce, a 2011 ta fara ba matatar Damagaram mai. Wannan fasaha ta tsofaffin rijiyoyi ce.

Idan Arewa na da rabo, ta wajen noma ne da sarrafawa. A nan ne kuma nake jan kunnen ɗan'uwan da ke cigiyar fili. Wajen 2007 zuwa 2010 an yi wa manoman Afirka irin wannan kiɗan da bini-da-zugu, aka ce man dizal za a yi da shi, yana fitowa ko a kan fako, ba ya son ruwa. Mutane suka dasa a Tanzaniya da Mozambik da Ghana, wasu har suka ba da gonakin abinci. Itacen ya fito, amma 'ya'yan ba su kai yadda aka yi alkawari ba, kamfanoni da dama suka karye suka tattara nasu ya nasu, aka bar manomi da shinge. Saboda haka kada wanda ya tsige gero ko wake daga gonarsa sai ya ga abu biyu da idonsa: sakamakon gwajin rijiya, da takardar yarjejeniya da mai saye wadda aka rubuta farashi da adadin shekaru a ciki.